Na buga takardar tallan kayan fata, ana karɓa ana yarwa: ina na kuskure?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ɗan gidan dukawa ne a nan Sakkwato, muna ɗinka takalma, jakunkunan mata, walat da tumtum. Gab da babbar sallar da ta wuce na buga takardar talla guda 500, A4 mai ninki uku, na zuba hoton duk abin da muke yi, kusan kala 40. Na raba a Babbar Kasuwa da wajen Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin la'asar na ga wasu a ƙasa ana takawa. Mutum biyu kaɗai suka kira. Abin da ya fi ƙona mini rai, jar fatarmu ta fito kamar ruwan ƙasa. Baba ya ce in daina ɓarnar kuɗi, ni kuwa ina so in sake gwadawa. Don Allah a ba ni shawara.

Wani mai aikin buga takardu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ta yaya ka tura hotunan wurin da anka buga maka? In ta WhatsApp ne kai tsaye, to nan ɓarnar ta fara, don yana matse hoto. Ka riƙa turawa a matsayin fayil, ko ka kai a filashi. Hoton bugu ana son ya kai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da zai fito.

Batun ja kuma, allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada ce kala huɗu ake haɗawa, shi ya sa ja mai haske yake dusashewa. Ka ce wa mai zane ya yi aikin a CMYK, wato tsarin kalolin tawada huɗun nan, tun farko. Kuma kada ka yarda a buga 500 sai an fitar maka da guda ɗaya, ka ɗauke ta ka fita rana, ka aza ta kusa da jakar ka gani da idonka. Takarda ka nemi mai nauyin giram 130 zuwa 150. Mai giram 80 ta fotokofi ce, kowa ya taɓa ta ya san ba a ɗauki abin da daraja ba.

Wata Hajiya mai kayan ɗaki, Mabera:
Ɗana, kala 40 a takarda guda? Ai ido ba ya samun wurin sauka. Ni ma na yi irin wannan, kowane hoto kamar kan sarki. Da na sake, abu shida na zaɓa, mafi kyau na ba shi fuskar gaba shi kaɗai. Kuma kada ka ɗauki jaka a kan siminti. Ka sa a rataya ta a kafaɗa da atamfar da ta dace, ko ba a nuna fuska ba, mace ta ga girmanta a jiki. Hasken safe a inuwa ya fi fitilar waya nesa ba kusa ba.

Sannan wa ka ba? Ɗan kabu-kabu da ke sauri ba zai sayi tumtum ba. Kai wa masu haɗa lefe, teloli, masu otal da shagunan da baƙi ke sayen tsaraba. Guda 100 a hannun da ya dace sun fi dubu a bakin titi.

Wani malamin makaranta:
Abin da na ga ka bari shi ne labarin fatar kanta. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suna saye ta hannun Maroko har suka sa mata sunan fatar Maroko. Layi uku kan wannan, da hoton hannun Baba yana ɗinki, sun isa su sa baƙo ya ajiye takardar. Ka kuma duba ƙ, ɗ da ɓ kafin a buga, wasu haruffan kwamfuta ba su da su, sai ka ga akwati a madadinsu. Roƙo ɗaya: kada ka sa aya ko sunan Allah, tunda ka ga inda takardun ke ƙarewa.

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Illela:
Kar ka buga farashi a jiki. Kuɗin kaya na canzawa, wata biyu takardar ta zama ƙarya. Ka ba kowane kaya lamba, ka sa farashin a 'yar takarda daban da za ka iya sauyawa. In kana son masu saye daga Ƙonni ta Nijar, ƙara ɗan Faransanci, dattawa kuma da yawa ajami ya fi musu sauƙi.

Mai aikin buga takardu ya ƙara:
Na manta. Sa lambar QR, ɗan zanen nan da ake haskawa da kyamarar waya, da za ta buɗe WhatsApp ɗinka, amma ka rubuta lambar waya da manyan baƙaƙe a gefenta, ba kowa ke da babbar waya ba. Kuma tunda fata ce sana'arku, guntayen da kuke zubarwa fa? Manna ɗan yanki a bangon takardar. Wanda ya shafa ya sansana ba ya saurin yarwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Gaskiya ta WhatsApp na tura, kuma ban nemi gwaji ba. Na karanta wa Baba maganar guntayen fata, ya yi shiru, sai ya ce akwai buhu guda a zaure. Zan fara da 100, kaya shida. Hajiya, a fuskar gaba jaka zan sa ko tumtum?

Hajiya:
Jaka. Mata ne ke ajiye takarda. Turo hotunan nan mu zaɓa kafin ka kai.