Sikanin kan bakwaini: me za mu kira shi?

Jama'a ku taya ni, jiya ƙanwata ta kira ni hankali a tashe wai an ce za a yi wa jaririnta "hoton ƙwaƙwalwa", yaron bakwaini ne, cikinsa na sati 30 aka haihu, yana cikin kwalba tun ranar da aka haife shi. Ita da jin hoto sai ta ɗauka irin na ƙashi ne, ko waccan babbar na'urar MRI da ake tura mutum ciki.

Alhali abin ba haka ba ne. Irin sikanin da ake wa mai ciki ne, da sauti yake aiki, babu wani haske mai cutarwa. Likita zai turo na'urar har gefen kwalbar, ya shafa ɗan mai a maɗigar yaron ya ɗora kan na'urar a wurin, tunda ƙashi bai rufe ba ta nan ake hango ciki. Abin da ake nema zubar jini ne a ƙwaƙwalwa, jijiyoyin bakwaini ba su yi ƙwari ba, kuma yawanci cikin kwana 3 na farko yake faruwa, sau da yawa ba wata alama, shi ya sa ake yi wa waɗanda aka haifa cikinsu bai kai sati 32 ba ko da lafiyarsu ƙalau a ido. Daga baya a maimaita a ga ko ruwa na taruwa a kai.

Toh sunan fa? "Hoton ƙwaƙwalwa" ya yi faɗi, MRI ma shi ne, CT mai aiki da haske irin na hoton ƙashi ma shi ne. Wani ya ce "duban maɗiga", na ce a'a wallahi, ka ce wa kaka za a yi wa jikanta duba ka ga inda hankalinta zai tafi, wajen boka. Kuma za ta zaci maɗigar ce ta faɗa ta fara neman maganin shafawa.

"Leƙen maɗiga" ya min daɗi a baki don da gaske leƙe ake ta taga, amma kamar wasa, nas ba za ta faɗa wa uwa haka ba.

Ni na tsaya kan "sikanin maɗiga". Duk wadda ta je awo ta san sikanin, ta san ba zafi. Haka na faɗa wa ƙanwata, ta ce au Yaya, irin wanda aka min a ciki? Na ce shi fa.