Wane fim ɗin masu shan jini ne zai ba mu dariya ba tsoro zalla ba?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman fim na bamfaya, masu shan jinin nan, amma wanda akwai barkwanci a ciki, ni da ƙannena muke son kallo ranar Juma'a da daddare kuma ƙaramarsu shekararta 11, tana son abin tsoro amma in ya yi yawa sai ta kasa barci. Mun riga mun ga Hotel Transylvania na 2012, sun ce wai wannan katun ne na yara, suna son na mutane.

Dan_Gidan_Kallo:
Wa alaikissalam Hajiya. Ki nemi Mr. Vampire, fim ɗin Hong Kong ne na 1985, Lam Ching-ying ne ya fito a malamin da yake yaƙar bamfayan. Su bamfayoyin Chana ba irin Dracula ba ne, gawa ce sanye da kayan fada na da, ta sandare, sai ta miƙe hannuwa gaba tana tsalle tana bin mutum, in aka manna mata wata takarda ruwan ɗorawa mai rubutu a goshi sai ta tsaya cak. Kuma numfashi take bi, shi yasa za ki ga kowa ya toshe hanci ido ya yi jawur ita kuma tana shinshinawa a gabansa, wallahi nan ne dariyar take kuma nan ne tsoron yake a lokaci ɗaya. Akwai wajen da aka aiki almajirin malamin siyo shinkafa mai danƙo, wadda ita ce maganin dafin bamfayan, mai shago ya gauraya masa da ta gama-gari saboda ha'inci. Har yau ina son wannan wajen.

Malamar_Firamare:
Na yarda da Mr. Vampire, sai dai akwai wata fatalwa mace a ciki da take yaudarar saurayi, ki fara dubawa ke kaɗai ki san inda za ki tura gaba.

Sarkin_Kaset:
Ni a wajena What We Do in the Shadows na 2014 ya fi kowanne, na Taika Waititi da Jemaine Clement. Bamfayoyi ne suna haya gida ɗaya a Wellington ta New Zealand, sun shekara ɗaruruwa a duniya amma rigimarsu a kan wa zai wanke kwanuka ce. To amma Anti wannan naki ne ke kaɗai, akwai jini sosai da maganganun manya. Renfield na 2023 kuwa, wanda Nicolas Cage ya fito a Dracula, kar ma ki kusance shi da yara, yanke-yanken gaɓoɓi ya yi yawa.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mr. Vampire zan nema, zan kalla ni kaɗai gobe kamar yadda Malama ta ce kafin Juma'ar.