Wa ya taɓa auna fahimtar yara da wasa maimakon takarda?

Malamar aji biyu, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Da zarar na ce "ku fito da takarda, gwaji za mu yi", sai aji ya yi tsit, wani ya ce fitsari yake ji, sauran kuma wuya ya yi tsawo wajen leƙen na kusa. Makon jiya na zana 'yar gala-gala a ƙasa bakin aji, kowane gida na rubuta kalma: baki da baƙi, kafa da ƙafa, dari da ɗari. Duk gidan da yaro ya dira sai ya karanta. Nan na gano wata yarinya da kullum take cin maki a littafi, ashe ba ta rarrabe k da ƙ, kwafa kawai take yi. Ku da kuka gwada irin wannan, ya kuka ƙare?

Malamin lissafi, Zariya: Wa alaikumus salam Malama. Ni kacici-kacici na aro. In ce "ƙulun ƙulufita", su ce "gauta", sai in jefa: abu ne in ka ninka shi sau bakwai ya ba ka 56. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, kamar yadda muke yi a dandali. Har Makka an ba ni. Amma akwai matsala. Na raba su rukuni huɗu, kuma a kowane rukuni yaro ɗaya ko biyu ne ke amsawa, sauran ihu da tafi ne nasu. Na tashi ina murna aji ya gane, da jarrabawar ƙarshen zango ta zo sai jiki ya yi sanyi.

Malami daga Maradi: Malam, maganin wannan yana wurinmu tun da daɗewa. Kowane yaro da ɗan allonsa da alli. Ka yi tambaya, ka ba su lokacin tunani, ka buga tebur su rubuta, ka sake bugawa kowa ya ɗaga allo sama lokaci guda. A horon malamai La Martinière ake ce wa tsarin, an fi amfani da shi wajen yin lissafi da ka. Babu mai laɓewa bayan wani. Da kallo ɗaya za ka ga wanda ya rubuta 65 a wurin 56, ka ga wanda ya ɗaga allo fari fat. Na mayar da shi gasa tsakanin layuka, layin da kowa ya dace shi ke fara fita tara. Sai ga gwanaye suna koya wa na kusa da su tun kafin in shigo.

Malamin lissafi, Zariya: Allah ya saka. Allon ne dai ba mu da shi.

Malami daga Maradi: Kwali da gawayi ma ya isa.

Malamar Islamiyya, Kano: Mu ai musabaƙa ta riga ta koya mana. A ja wa yaro farkon aya, ya ɗora. Ina zaunar da su da'ira, wannan ya kawo aya, na kusa ya ci gaba. Abu ɗaya na daina: fitar da wanda ya kuskure. Da haka nake yi, sai na lura wanda ya fi buƙatar maimaici shi ke fara fita, ya zauna gefe yana wasa da ƙasa har a tashi. Wani yaro ma kwana uku bai zo ba saboda dariyar da aka yi masa. Yanzu in ka kakare, kana da damar neman agaji sau ɗaya, ni kuma in ɗiga alama gaban sunanka.

Tsohon hedimasta, Katsina: 'Ya'yana, duk na ji. Amma masu duba makarantu in sun zo, littafin maki suke buɗewa, ba ruwansu da tafi. In za ku yi wasa, ku riƙe jerin sunaye a hannu, ku zaɓi yara goma da za ku sa wa ido a ranar, gobe wasu goma. Kuma ku sanar da na ofis tukuna. Na taɓa rugawa da bulala zuwa wani aji na zaci babu malami, na tarar da shi tsugune tsakiyar yara suna lissafi da marafan kwalba.

Malamar aji biyu, Gusau: Baba, shawarar goma-goma ta zauna min, ranar Litinin zan fara. Malam na Maradi, in yaro ya ɗaga allo babu komai, kana kiransa nan take ne, ko sai an tashi?