Direban fokilif ya zo da takardarsa: shin mai kamfani ya fita daga alhaki?

Manajan sito: Jama'a, matsayina bai canza ba. In na ɗauki direban fokilif, wato motar ɗaga kaya, ya nuna mini takardar horo daga inda ya baro, nawa ya ƙare. Ya kifar da kaya, shi ya sani. Ba zan biya kuɗin horo sau biyu ba.

Jami'ar kariya: Yallaɓai, ba haka ba ne. A Amurka, ƙa'idar OSHA, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata, da ta fara aiki a 1999 a wuyan mai kamfani ta ɗora abin. Ba ta ce a maimaita darasin da mutum ya riga ya iya ba, amma sai ka gwada shi a wurinka ka tabbatar, sannan a sake duba tuƙinsa aƙalla duk shekara 3. In ya yi hatsari, ko ya tsallake rijiya da baya, ko aka ba shi wata irin mota, sai an sake horar da shi.

Manajan sito: Hajiya, mota ai mota ce.

Tsohon direba: Ranka ya daɗe, nan ne fa kuskuren. Ita fokilif da tayoyin baya take juyawa, bayanta ke fita waje a kwana, shi ke matse mai tafiya a ƙasa da bango. Kuma farantin jikinta ya rubuta nauyin da za ta ɗauka a wata tazara daga gindin yatsun ƙarfen da ke ɗaga kayan. Kaya ya yi tsawo, ko ka ɗaga shi sama kana kwana, lissafin ya rushe. Na ga sabon yaro mai takarda gangariya ya sauko gangara da kaya a gaba, alhali da ribas ake saukowa, kayan na fuskantar tudu. A inda ya koyo babu gangara ko ɗaya. Wa zai gaya masa in ba ku ba?

Ma'aikacin lodi: Amma Baba, ku ma kuna da naku. Wa ke ɗaura bel? Wa ke danna hon a mahaɗa?

Tsohon direba: Gaskiyarka. Shi ya sa in ta tashi kifewa ake cewa kar ka yi tsalle, ka riƙe sitiyari, ka toƙare ƙafa, ka karkata zuwa gefen da ba nan take faɗuwa ba. Mai tsalle rufin ke danne shi. Sai dai in oga yana tsaye a kanka yana duba agogo, duba birki da sarƙa kafin fara aiki shi ake fara yadawa.

Manajan sito: To in na gwada shi, na nuna masa komai, ya yi ganganci fa?

Jami'ar kariya: Sai ka karɓe makullin a ranar, ka rubuta. In ka gani ka yi shiru don tirela na jira, ka shiga ciki.

Manajan sito: Gwajin zan yi. Amma awannin da ya ci, sai mun yi magana a kan wa zai biya.