Waƙa ga kakata ranar cika shekara 70: ta ina zan fara?

Jikar Hajiya, Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum. Kakata za ta cika shekara 70 a watan gobe, kuma atamfofi da turaren da muke ba ta duk shekara sun riga sun cika akwati, shi ya sa bana nake son in rubuta mata waƙa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ajami kaɗai take karantawa, ni kuwa ban taɓa tsara ko baiti ɗaya ba.

Tsohon malamin makaranta, Nima, Accra:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada rashin boko ya dame ki, domin rubutacciyar waƙar Hausa tun asali rerawa ake yi, kunne ne ke karɓar ta. Ki ɗauki ƙwar biyu, wato ɗango biyu a kowane baiti, ki zaɓi amsa-amo ɗaya, kamar "na" ko "wa", wanda zai riƙa rufe baitocin duka. Ki buɗe da sunan Allah da salati, ki rufe da addu'a, kamar yadda magabata suka saba. Alhaji Umaru ma, babban malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya zauna a garin Salaga kuma ya rasu a Kete-Krachi a 1934, da ajami ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa.

Wata uwa daga Asawase:
Malam ya yi gaskiya, amma abin da na fi jiye miki shi ne ki cika waƙar da "mai haƙuri, mai kirki", yabon da zai dace da kakar kowa. Lokacin da na yi wa mahaifiyata tawa waƙar, na ambaci yadda take kwance huhun goro da asuba, ta yayyafa wa ganyen ruwa, ta ware fari daga ja kafin ta nufi kasuwar Kejetia. Sau uku ta sa na maimaita mata wannan baitin. Idan kin gama, ki kai wa malamin allo ya kwafe miki da tawada a ajami, don ta karanta da idonta.

Jikar Hajiya:
Na gode, Malam, na gode, Goggo. Tawa koko da ƙosai ta sayar har ta aurar da 'ya'ya biyar, kuma kullum kafin kiran assalatu ta riga ta hura wuta. Da wannan wutar zan fara, in Allah ya yarda.