Abin da na tsinto daga zaman ma'aikatan rediyo a Tawa

Mun zauna da ma'aikatan rediyon karkara a Tawa, Jamhuriyar Nijar, hirar duk ta karkata kan dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna, sai aka maido da shi a watan Yunin 2024. Wani dattijo da ya daɗe a aikin ya ja kunnenmu: dokar 2010 da ta hana ɗaure ɗan jarida kan aikinsa ba za ta kāre ka ba idan a Facebook ko WhatsApp ka saki maganar. Wannan ya tsaya mini a rai, domin yawancin matasanmu suna tura saƙon murya ba su san daga ina ya fito ba.

Shawarar da aka fi nanatawa: labarin tsaro kada ya fita sai an ji daga majiya biyu, a kuma adana sautin kowace hira. Mai shirin kiran waya ya riƙa katse duk wanda ya fara zagi, domin gidan rediyon ne zai amsa.

Wata 'yar'uwa ta ƙara da cewa a riƙa fassara dokokin da Hausa da Tamajaƙ, a karanta su a iska.