Maigida yana karatun likita, ni da yara babu inshorar lafiya: wacce zan shiga?

Maman Amir: Assalamu alaikum. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Maigidana ya ajiye aikinsa na ɗakin gwaje-gwaje a wani asibitin kuɗi ya koma karatun likita a nan Kano, yanzu yana aji huɗu, sun fara shiga asibiti. Da yana aiki, inshorar wurin aikinsa ce take ɗauke da mu duka, yana bari katin ya mutu. Shi yana da ta ɗalibai, TISHIP, wadda ake haɗawa cikin kuɗin rajista, amma shi kaɗai ta shafa, na riga na tambaya. Saura ni da yara biyu: Amir ɗan shekara 5 mai sikila ne, ƙanwarsa shekara 2, ga kuma ciki wata uku. Ni ina koyarwa a makarantar kuɗi, albashina naira 65,000, sai ɗan ɗinkin da nake taɓawa. Don Allah a lura, babu ma'aikacin gwamnati a cikinmu. Abin da ke gabana uku ne: GIFSHIP, wadda mutum yake biya da kansa a hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ko KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, ko kamfani mai zaman kansa. Wacce za ta ɗauki haihuwa da kwanciyar Amir idan ciwon ya tashi, kuma kuɗinta bai fi ƙarfina ba?

Abu Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ai abin mai sauƙi ne. Ya je ofishin ma'aikata a wurin aikinsa ya cike fom, tsarin yana ɗaukar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mu haka muka yi.

Maman Amir: Malam Abu Sadiƙ, ya bar aikin fa, shi ne tushen maganar.

Ummu Hanan: Ki ce masa ya tambayi makaranta, akwai wata inshora ta ɗalibai, na manta sunanta.

Ɗan Kwari: Ikon Allah. Matar likita tana neman inshora, to mu matanmu su nemi me? Hajiya ki bari ya riƙa gwada karatun a kanku mana, ga marasa lafiya kyauta a gida.

Maman Amir: Ɗan Kwari, likitan da ko Panadol ni nake saya masa.

Baban Zee: GIFSHIP za ki yi, ba sai an tsaya dogon lissafi ba. Naira 15,000 ce duk mutum ɗaya a shekara. Ni da iyalina mu huɗu 60,000 na biya. Idan an rubuta magani kashi 10 cikin ɗari kawai kike bayarwa.

Sista Rabi: Baban Zee, yaushe rabonka da biya? Wannan farashin lokacin da aka fara shirin ne a 2020. Ƙanwata 22,000 ta biya.

Malam Na-Ta'ala: Duk kun kwana biyu. Da na je sabuntawa kusan 39,000 aka ce da ni kowane kai. Ku uku kenan wajen 116,000, kuma a dunƙule ake biya.

Baban Zee: To ko an cuce ka ne? Ta hannun wa ka biya?

Malam Na-Ta'ala: Ta banki na biya, da rasit ɗina. Ƙara kuɗin aka yi, kamar yadda komai ya tashi.

Uwar Biyu: 'Yar uwa, ni ba zan ce ki shiga wannan ko waccan ba. Abin da ya same ni zan gaya miki, ki ɗauki abin da za ki ɗauka. Ina da cikin 'yan biyu wata huɗu wani yaro ya zo shagon maigidana da takardu masu sheƙi na wani kamfanin inshora mai zaman kansa. Ya ce awo, haihuwa, tiyata, har kwalbar jarirai, duk suna ciki. Muka tattara 180,000 muka biya na shekara, lokacin kuɗi ne na gaske. Awo kam an yi mini, ba zan yi musu ƙarya ba. Ranar wata Juma'a da dare naƙuda ta zo, jinina ya hau, likita ya ce sai an yi aiki yanzu-yanzu. Sai yarinyar da ke teburin inshora ta ce sai kamfani ya turo lambar amincewa. Aka kira, ba a ɗauka. Aka tura saƙo, shiru. Ina kan gado ina jin maigidana yana rantse-rantse a baranda. Da aka samu wani ya ɗauka, sai ya ce haihuwa ba ta fara aiki a tsarinmu sai mutum ya cika shekara da shiga, wai yana rubuce a shafi na kaza. Wa ya karanta mana shafi na kaza? A daren nan yayata ta kai sarƙata da 'yan kunnena na gwal gidan wani mai saye a unguwarsu, ya taya yadda ya ga dama don ya ga idonmu ya rufe. Aka ciro yaran, Hassan ya kwana tara a kwalba, shi ma suka ce jariri ba ya cikin rajista. Shi kuwa yaron da ya kawo takardun, layinsa bai ƙara shiga ba har yau.

Ummu Hanan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya isar miki, Hajiya. Yaran dai suna lafiya?

Uwar Biyu: Suna nan sun shiga firamare, alhamdu lillahi. Gwal ɗin ne bai dawo ba. Kuma na gadon mahaifiyata ne, shi ya fi ci mini rai.

Alhaji Mai Taya: Shi ya sa ni ban yarda da duk wani abu mai suna inshora ba. Ki riƙa ware 10,000 duk wata ki ba wata mai amana ta ajiye, ko ki shiga adashi. Kuɗinki yana hannunki, ba mai ce miki jira lamba.

Sista Rabi: Alhaji, da girmanku, kun san nawa kwanciya ɗaya ta mai sikila take ci? Ruwa, allurar kashe ciwo, gwaje-gwaje, wani lokacin ƙarin jini, ga folic acid da Paludrine na kullum, in an ɗora shi a kan maganin hydroxyurea kuma wani lissafin ne. Tashin ciwo ɗaya zai share adashin wata shida. Ga haihuwa tana tafe.

S. Health Consult: Hajiya Maman Amir, ki yi mini magana ta gefe. Akwai tsari mai kyau na iyali, farashi mai rahusa, babu jira, babu ɓata lokaci.

Uwar Biyu: Ga irinsu nan! Wallahi kalmomin yaron nan kenan, babu jira. Malam, faɗi a nan gaban kowa: mai ciki wata uku in ta shiga yau, za ku biya tiyata? Yaro mai sikila fa?

S. Health Consult: Ya danganta da tsarin da aka zaɓa, Hajiya.

Ɗan Kwari: "Ya danganta" ta iso. A shimfiɗa mata tabarma.

Tsohon Tebur: Na yi shekaru a teburin inshora na wani asibiti, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Abin da ya sami Uwar Biyu ba sabon abu ba ne a tsarin da mutum yake saya da kansa daga kamfani. Kusan duka suna sa wa haihuwa wa'adin jira, wasu wata tara, wasu shekara, kuma ciwon da mutum ya shigo da shi, irin sikila, ko su cire shi ko su yanka masa iyakar kuɗi. Wadda maigidanki yake da ita a wurin aiki ta rukuni ce, shi ya sa ba ku ga wannan ba. Don haka a halinki ni zan ajiye kamfani a gefe. Na gwamnati ba sa korar mutum don yana da sikila, amma su ma ba ranar da kika biya za ki fara amfani ba, akwai 'yan watannin jira kafin sunanki ya fito a jerin asibiti. Da ciki wata uku, kowane mako da kika ɓata yana da tsada. Ki je ofishin da kanki ki sa a nuna miki a rubuce ranar da za ki fara, da kuma ko tiyatar haihuwa tana da nata wa'adin daban. Sannan zaɓen asibiti ya fi zaɓen tsari muhimmanci. Asibitin da kika zaɓa ana biyansa kuɗi ƙayyadadde duk wata a kan kowane kai, ko kin je ko ba ki je ba. An daɗe ana biyan naira 750, sai a 2024 da 2025 aka ƙara. Ƙaramin asibiti mai mutum kaɗan a jerinsa ba ya iya riƙe yaro irin Amir da wannan kuɗin, shi ne za ki ji "babu maganin, je ki saya a waje". Ki zaɓi babba, wanda yake da asibitin masu sikila da ɗakin tiyata a ciki, don a rage yawon neman lambar turawa.

Alhaji Mai Taya: To kai da bakinka ka ce ku ne masu cewa babu magani. Shawarar wanda ya ci abinci da abin za a ɗauka?

Tsohon Tebur: Alhaji, ni albashi aka biya ni, kuma na bari. Ku da ba ku taɓa riƙe katin ba fa?

Alhaji Mai Taya: Na haifi goma sha ɗaya ba da kati ba.

Sista Rabi: Ku ne kuka haifa, ko Hajiya? A tambaye ta tukuna. Ni shekarata 14 a ɗakin haihuwa, na ga wadda kati ya cece ta, na ga wadda ya kunyata. Maman Amir, ki kuma leƙa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ki tambayi shirin BHCPF. Kuɗin tarayya ne, daga dokar lafiya ta 2014, ana sa masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da marasa ƙarfi kyauta, kuma a Kano ta hannun KSCHMA rajistar take bi. Gurbin yana da iyaka, amma ke da ƙaramar kuna cikin irin waɗanda ake nufi. Haka kuma a ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a wasu asibitoci, ki tambaya a wurin awo ko naku yana ciki.

Uwar Biyu: Kyauta a rediyo. Ni ma an ce mini komai yana ciki.

Sista Rabi: Hajiya, naki kamfani ne, wannan daban.

Uwar Biyu: Duk kanwar ja ce.

Zango Boy: Mu a Kumasi, ƙasar Ghana, ba ma wannan wahalar. Mai ciki rajista kyauta tun 2008, sabuntawa kuma a waya, *929#, ka gama.

Ɗan Kwari: To sai ta hau motar Kumasi duk ranar awo.

Abu Sadiƙ: Tsakani da Allah ma, dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma wurin aiki mai ma'aikata biyar zuwa sama ya kamata ya yi wa ma'aikatansa. Makarantar da kike koyarwa fa?

Maman Amir: Makarantar da albashin Satumba yake zuwa a Oktoba? In na ɗaga wannan maganar, wata za su ɗauka a madadina kafin Litinin. Don Allah akwai wanda ya biya KSCHMA da kansa, ba cirewa daga albashi ba? Nawa ne, kuma ana karɓa kashi-kashi?

Matar Dokta 2: Ni dai haƙuri zan ba ki, don na bi hanyar nan. Ki daina lissafin saura shekara biyu. Mu muna aji biyar yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas. Ya gama, aka zauna jiran gurbin hausmanshif, wato aikin horon sababbin likitoci a asibiti, sannan bautar ƙasa. Duk tsawon lokacin nan dangi sun riga sun naɗa shi likita. Kowane biki da ankonsa da gudummawarsa, kowane mara lafiya daga ƙauye a falona yake sauka da takardar magani. Ranar da na ce babu, aka ce matar likita ta fara rowa.

Maman Amir: Kamar kina gidana. Jiya gwaggonsa ta aiko a saya mata maganin hawan jini, wai ai yanzu yana asibiti, kyauta suke samu.

Alhaji Mai Taya: Ai ba laifin dangi ba ne. An yi wahala da yaro tun yana ƙarami, ranar da ya zama likita kuma sai ka ji yana Saudiyya ko Ingila. Mu da muka biya haraji aka koyar da shi, sai layi tun asuba a ga likita ɗaya.

Matar Dokta 2: Alhaji, wane harajin? Ni na sayar da firijina aka biya kuɗin rajistar aji shida. In ya samu Saudiyya gobe, ni zan haɗa masa jaka.

Ɗan Kwari: Alhaji Mai Taya da haraji! Yau na ji sabon labari.

Tsohon Tebur: A asibitin da na bari, likitoci uku ne suka tafi cikin shekara guda, wanda ya rage shi ke duba masu kati da masu biya, ku faɗa mini wa zai fara kira.

Uwar Biyu: Masu biya mana. Ni da na zube kuɗin gwal a daren nan, ko minti goma ba a yi ba aka tura ni ɗakin tiyata.

Baban Zee: Ni fa har yanzu ban yarda da 39,000 ɗin nan ba. Malam Na-Ta'ala, ɗauko hoton rasit ɗin mu gani.

Matar Dokta 2: Kuma Alhaji, kafin ku ce wani ya gudu, ku tambayi nawa ake biyansu kuɗin kwanan asibiti, da wata nawa suke bin bashinsa.